An ba ni aiki a Gembu: garin zai zaunu da iyali kuwa?

Baban Walid, Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga wanda ya san Gembu sani na zama, wanda ya ci damina ya ci rani a can.

Ni malamin dabbobi ne. Wata ƙungiya mai aikin rigakafin shanu ta ba ni aikin shekara biyu a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mazauni a Gembu. Albashin ya ɗan ɗara wanda nake karɓa yanzu, amma gaskiya abin da ya fi jan hankalina shi ne sanyin da ake faɗa. Wanda ya yi azumin 'yan shekarun nan a Sakkwato, da ya faɗo a Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40 ga babu wuta, ya san abin da nake nufi. Yara ba sa barci, mu ma ba ma yi.

Ina da mata da yara uku, na tsakiyan yana da asma. Mahaifiyata ma a wurina take, ga ta da ciwon gwiwa. Ni kuma mutum ne mai son fita: keke bayan sallar asuba, ƙwallo da yamma, tafiyar ƙafa idan na samu sarari. A nan zafi ya kusa raba ni da duk wannan. To yaya yanayin yake a tsawon shekara? Akwai wuraren fita na gaske, ko a hoto ne kawai suke da kyau? Kuma in kwashe iyali mu tafi tare, ko in bar su?

Alhajin Nguroje

Wa alaikumus salam. Malam Baban Walid, barka da arziki, Allah ya sa alheri ne ya kira ka. A Nguroje aka haife ni. Fataucin goro da shanu ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano, ni kuma a Gembu shagona yake, a nan na aurar da 'ya'yana. Zan faɗa maka daɗin da wuyar duka.

Sanyi dai ba ƙarya aka yi maka ba. Tsaunin Mambila, inda Gembu take, yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, ya fi Jos da take wajen 1,200. Da rana da wuya zafi ya wuce digiri 25. Gidana babu fanka, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ta. A Disamba da Janairu dare yakan sauko kusa da digiri 10, sai ka ga mutane sun taho masallacin asuba da hular sanyi da safa, wasu da bargo a kafaɗa, ruwan alwala kuwa tun da daddare ake dafa shi a zuba a fulas. Hunturu ba baƙonku ba ne a Sakkwato, bambancin kawai namu ba ya ɗaga ƙafa ya bar wa bazara wuri. Azumi a nan ni'ima ce, har la'asar maƙogwaronka bai bushe ba. Ta wannan fuskar za ka gode wa Allah.

Amma mu da muke zaune, ba sanyi muke lissafi da shi ba idan za mu shirya wani abu. Ruwan sama muke dubawa, da hanya.

Ruwa yakan fara tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, wata shekarar har ya taɓa Nuwamba. Abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,800, kusan ninki uku na naku. Kuma ba irin ruwanku ba ne da zai zo da iska da ƙura, ya zuba na awa ɗaya, rana ta fito. A Agusta da Satumba sai a wuni ana yayyafi, gajimare ya sauko har ƙasa ya rufe gari, kana tsaye a ƙofar shago ba ka ganin mai shagon da ke tsallaken titi, sai dai ka ji muryarsa. Ƙasarmu ja ce, idan ta sha ruwa santsinta kamar an malala miyar kuɓewa. Kai da aikinka na shiga rugage ne, wannan ya shafe ka kai tsaye. Hanyoyin Mayo Ndaga da Dorofi da sauran ƙauyukan bakin iyaka, da damina sai babur ko tsofaffin Land Rover ɗin nan da har yanzu su ne jakunanmu. Wasu wuraren sai ka ajiye babur ka taka, ko a ba ka doki. Tsallaken kogin Donga kuwa, shekara da shekaru kwalekwale ne, a ɗora mutum a ɗora babur ɗinsa.

Sai babbar hanya. Daga Jalingo za ka bi ta Garba Chede, Bali, Serti, ka iso Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan hawa ya fara, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya rami a ɗaya gefen, ka wuce wurin da ake kira Biyu da Sisi, kunnenka ya toshe, kafin ka kai Maisamari ka nemi rigar sanyi. Sai Nguroje, sai Gembu. Ka ware mata yini guda. Kuma ita kaɗai ce hanyar kirki da ta haɗa mu da sauran Najeriya, idan babbar mota ta kife a kwana ko ruwa ya cinye wata kwalbati, kowa sai ya jira. Shi ya sa duk abin da aka hau da shi yana da tsada: man fetur, siminti, gas, shinkafa, magani. Abin da ƙasar ke bayarwa kuwa araha ne: masara, dankalin turawa, gwaza, wake, ayaba, fiya, zuma, nono da man shanu, ga nama mai kyau domin shanun nan ciyawa suke ci ɗanya kusan duk shekara.

Wannan hanya ita ce amsar tambayarka game da Hajiya. Akwai babban asibitin gwamnati a gari, akwai na mishan, ana yin abin da ya sawwaƙa. Amma ciwon da ya fi ƙarfin nan sai Jalingo, kuma ka ji nisan. Tsoho mai ciwon gwiwa, ga laima ga gangare, domin Gembu ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne, daga gida zuwa masallaci ma ko hawa ne ko sauka. Ni dai da tawa ce, ba zan hau da ita da damina ba.

Shawarata, ka zo kai kaɗai tukuna, kuma idan da hali ka zo a Yuli ko Agusta, lokacin da garin ya fi nuna halinsa. Wanda ya fara zuwa a Disamba, sama garau, tuddai sun yi kyau, yakan yanke shawara da gaggawa. Idan za ka kama haya, kada ka karɓi gidan da ke cikin kwari. Nemi wanda ke kan tudu, rana na dukan ƙofarsa da safe, mai silin, kuma ka duba gindin bangon ɗaki: idan ka ga ya yi baƙi ko kore, ko an yi masa sabon fenti daga ƙasa kawai, ka wuce.

Maman Ummi

Sannu Baban Walid. Alhaji ya faɗi na waje, bari in faɗi na cikin gida, ka karanta wa maman Walid, domin ita za ta fi jin abin a jikinta. Ni 'yar Zariya ce, aiki ya kai maigidana Gembu muka zauna, a can na haifi biyu daga cikin yarana.

'Yar'uwa, abu na farko shanya. Da damina wanki yakan kwana biyu, uku a igiya bai bushe ba. Ki sa a ɗaura miki igiya a ƙarƙashin baranda, kuma kayan makarantar yara su zama kala biyu ko uku. Tufafin da kika ninke a akwati ki riƙa fito da su duk ranar da rana ta leƙo, in ba haka ba fumfuna za ta cinye su, har takalman fata da jakunkuna. Garin tuwo kada ki niƙa da yawa. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da kika taho da su daga gida, a roba mai murfi za ki sa. Katifa kada ta kwanta a ƙasa, a sa mata gado ko katako.

Wake zai ba ki mamaki, ki dafa ki dafa bai nuna ba. Ba laifin waken ba ne, a kan tsauni ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, don haka ki jiƙa shi tun dare. Itace akwai shi, na zaiti, domin ko'ina ka duba a Mambila shi aka shuka, da shi ake girki da gini da shinge. Akwai wani ganye da ake kira kumbi, da tuwon masara ake cin sa, da farko za ki ji ɗan ɗaci, daga baya ke za ki riƙa neman sa a kasuwa.

Ga abin da nake roƙon ku da Allah ku kiyaye: kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane cikin barci, kuma baƙi ne suka fi yin wannan kuskuren. A ɗumama ɗaki a fitar da shi, a ƙara bargo.

Maganar mai asma, kowane yaro da abin da ke tayar masa. Idan ƙura da zafi ne, zai iya samun sauƙi ƙwarai, domin ƙurar can ba ta kama ƙafar ta Sakkwato ba. Idan kuwa sanyi da laima da hayaƙi ne, to sai an yi da gaske. Ku je wurin likitansa kafin ku tashi, ku taho da abin shaƙarsa isasshe, kada ku dogara da cewa za ku samu irin nasa a kemis. Sauro bai kai na ƙasa yawa ba, amma akwai zazzaɓin cizon sauro, kada a bar gidan sauro a baya. Rigunan sanyi da takalman ruwa na yara kuwa kada ku saya da tsada a can gida, gwanjo ya fi kyau da araha a kasuwar Gembu.

Yara za su sake da wuri. Akwai Islamiyyu, akwai makarantun boko na gwamnati da na kuɗi. Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwa da unguwa, tsakanin Mambila da Kaka da Fulani da sauran ƙabilu, amma ana jin Hausa sosai, ba za ki rasa mai yi miki ciniki ba. Nawa yaran kafin shekara ta zagayo su suke yi mini tafinta.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne nisa. Idan aka yi haihuwa ko biki a gida, sai dai waya. Ranar da aka yi mana rasuwa a Zariya, kafin mu sauka dutse mu kai, an yi jana'iza an share makoki na farko. Wannan ki shirya masa a ranki tun yanzu, kuma ki riƙe maƙwabta da kyau, su ne danginki a can. Matan garin suna da karɓar baƙo, ranar da na haihu ban rasa mai dafa mini ruwan wanka ba.

Ɗan Bautar Ƙasa

Yaya Baban Walid, ni a wata sakandare kusa da Gembu na yi bautar ƙasa, kuma ta ɓangaren fita da kake tambaya zan yi magana. Baba Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan sassauta maganar ruwa. In ban da tsakiyar damina, sau da yawa safiya takan yi kyau, sai bayan azahar hadari ya haɗo. Mai fita da asuba irin Yaya zai samu rabonsa a yawancin watanni.

Keken Sakkwato dai ka bar shi a gida. Can sai keke mai giya da birki mai kyau da taya mai kauri, domin babu inda za ka yi tafiyar minti goma a miƙe. Makonnin farko za ka ji numfashinka yana gazawa a hawa da filin ƙwallo, tsayin wurin ne, jiki yana sabawa. Ƙwallo kuwa ana buga ta sosai, kusan kowace makaranta da filinta mai ciyawa, kuma ƙarfe huɗu na yamma za ka buga minti casa'in ba ka galabaita ba.

Tafiyar ƙafa ita ce sarauniya a can. Ka fita bayan gari kaɗan, tuddai ne kore ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse, ƙoramu a kowane kwari. Ka je Kakara ka ga gonar shayi, wadda aka kafa tun shekarun 1970, inda ake yin Highland Tea. Layukan ganyen sun bi jikin tudu an aske su daidai gwiwa zuwa ƙugu, masu tsinka da kwanduna a baya suna cire 'yan ganyen saman kawai, ga madatsar ruwa ta Tunga a kusa. Kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, akwai dajin Ngel Nyaki. Kana tafiya a fili cikin ciyawa, sai kawai ƙasa ta gangara ka faɗa cikin kurmi mai duhu da sanyi, birai suna tsalle a sama. Akwai birai masu kama da mutum a ciki, ko da yake ganin su sai an yi sa'a, an fi ganin shimfiɗar ganyen da suke kwana a kai. Akwai tashar masu bincike a bakin dajin, ta haɗin gwiwa da wata jami'a ta ƙasar New Zealand, ka nemi izini su haɗa ka da ɗan jagora.

Idan ka samu hutu mai tsawo, ka sauka Serti, nan ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowanne girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991. A yankinsa ne Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, dutse mafi tsayi a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Hawansa ba aikin yini ɗaya ba ne, sai da izinin hukumar gandun da masu rakiya, kuma da rani ake yi, daga Disamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris.

Abu biyu ka kiyaye. Idan hadari ya haɗo kana kan tudu, ka sauka nan take, kada ka fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Tsawa a can tana kashe shanu a garke, ba labari ba ne. Na biyu, yawancin tuddan nan da kake gani kamar babu mai su, suna da masu su, za ka ga waya mai ƙaya ta zagaye su. Kada ka tsallaka shinge ba ka yi sallama ba. Ka nemi mai wurin ko makiyayinsa ku gaisa, sau da yawa da ƙwaryar kindirmo za ka dawo. Kuma ka sa hula, sanyin iska yana ɓoye zafin rana, sai ka dawo gida ka ga fuska ta ƙone, leɓe ya tsage.

Wuta kam ka zo da shirin sola, amma ka ɗauki faranti da batir da suka fi buƙatarka, domin a watannin gajimare ba sa cika. Tashar wutar Mambila mai megawat 3,050 da aka daɗe ana jin ta a rediyo, har yau ba a gina ta ba, kada ka sa ta a lissafi. Layin waya yana kamawa a cikin gari, a rugage kuwa sai ka hau tudu.

Baban Walid, Sakkwato

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Walid ta karanta naki, Maman Ummi, ta ce in tambaye ki ko akwai injin markaɗe a unguwanni. Mun yi magana da ƙanena, Hajiya za ta koma wurinsa har in ga yadda wurin yake. Alhaji, saura abu ɗaya da ya tsaya mini a rai: na tuna an taɓa yin rikici a can. Yaya zaman yake yanzu, musamman ga baƙo mai aikin shanu?

Maman Ummi

Akwai injin markaɗe da na niƙa, ki kwantar da hankalinki. Ki dai taho da turminki ƙarami saboda ranar da mai ya yanke.

Alhajin Nguroje

Tambaya mai kyau ka yi, Malam. An yi, kuma na watan Yunin 2017 ya yi muni, an rasa rayuka da dukiya mai yawa, har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Tushen abin ƙasa ce: wa ke da wannan tudu, ina gona ta tsaya, ina makiyaya ta fara. Mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru, shinge ya ƙaru, tsaunin kuwa bai ƙaru ba. Yau da kullum dai kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga, Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, akwai auratayya ma. Ba zaman ɗar-ɗar muke yi ba, amma maganar fili ba ta wasa ba ce.

Kai ga abin da ya shafe ka. Duk wanda ya gan ka da akwatin allura zai ɗauka na masu shanu ne kai. To idan ka shiga ƙauye, kafin ka wuce ruga ka fara zuwa wurin mai garin ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka je wurin Arɗo. Manoman ma suna da awaki da tumaki da kaji, wasu da shanunsu, idan sun kira ka ka duba musu ko da ba ya cikin takardar aikinka. Idan aka fara zancen fili a gabanka, ka saurara, kada ka sa baki, kada kuma ka sayi ko taku ɗaya na ƙasa a shekararka ta farko, kome arahar da aka yi maka. Mutanen nan suna alfahari da cewa da ƙuri'a suka shigo Najeriya a 1961, lokacin da aka tambayi yankin Arewacin Kamaru da ke hannun Turawan Ingila inda yake so, kuma suna jin an bar su a baya wajen hanya da wuta. Idan ka ji suna faɗa da zafi, ka fahimce su.

Ranar tahowa ka kwana a Jalingo, ka kama motar farko ta safe domin ku hau dutse da sauran rana. Kada ka yarda da motar da za ta iso Mayo Selbe bayan magariba da damina, gara ka kwana a Serti. Rigar sanyi ta kasance a hannunka, kada ka bari a ɗaure ta cikin kaya a but. Idan ka sa ranar, ka rubuto a nan, zan sa yarona ya tare ka a tasha ya zagaya da kai gidajen haya biyu ko uku da na sani a kan tudu.